Alƙaluma Biyu Daga Ƙaho Ɗaya

Akwai wani masassaƙi da nake so in ba ku labarinsa yau, jama'ar wannan shafi. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Gwani yake ce masa, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba.

Sana'arsa yin alƙalami da hannu. Ba irin biron roba da ake saye a yar ba. Zai samo guntun itace mai kyau, ya huda tsakiyarsa, ya zura siririn bututun tagulla ya liƙe da gam, sannan ya ɗaura shi a injin da ke juya shi kamar mazari. Itacen na juyawa, shi yana fere shi da ƙarfen sassaƙa, har ya fito sumul. Ya goge, ya sa masa baki da murfi, sai ka ga abin da za ka ji kunyar ara wa mutum.

Gaskiya ya iya. Matsalar ita ce ya san ya iya, kuma yana so kowa ya kwana da sanin haka.

Bango ɗaya ne ya raba shagonsa da na wani dattijo da ake kira Baba Mai Mataji. Shi kuma da ƙaho yake aiki. Mataji, maɓallin riga, cokali, duk na ƙaho. Shagon ƙarami ne, ga duhu, ga wata tsohuwar tukunyar ƙarfe a kan murhu. In Baba ya ɗora ƙaho a wuta, wani ƙauri ke tashi kamar ana ƙona gashi, ya bi ta saman bango ya sauka a shagon Gwani.

Gwani kan leƙo yana toshe hanci.

"Baba, yau kuma kan wa ake babbakewa?"

Dattijon ya yi murmushi kawai. "Sannu da aiki, ɗana."

"Wallahi Baba masu saye na gudu. Mutum ya shigo da turarensa mai tsada, ya fita yana warin mayanka."

Abin bai tsaya a barkwanci ba. Wata rana Gwani ya rubuta takardar ƙara zuwa ga mai shagunan, ya ce ko dai a tashi tsohon ko a nema masa wani lungu. Ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya suna sa hannu. Mai shagunan ya karɓa, ya ce zai zo ya duba da kansa.

Ana cikin haka sai ga wata mata, ma'aikaciyar jinya, da kayan aikinta a jiki. Sista ake ce mata. Ta rungumo wani abu a naɗe cikin tsohon tawul, ta ajiye a kan teburin Gwani a hankali kamar mai kwantar da jariri. Da ta warware, sai ga ƙaho baƙi wuluk, lanƙwasasshe, tsawonsa ya kai daga kafaɗa zuwa wuyan hannu.

"Ƙahon ɓauna ne," in ji ta. "Na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Ma'aikacin gandun daji ne. Tun kafin a haife ni yake rataye a falonsa, a kansa yake sagale hularsa in ya dawo aiki."

Gwani ya ce, "Allah ya gafarta masa."

"Amin. Mu biyu ya bari, ni da ƙanina. Da aka zo raba kaya, ba mu yi faɗa a kan gida ba, ba mu yi a kan mota ba. A kan wannan muka yi. Na ɗauke shi na taho, shi kuma ya daina ɗaga wayata. Wata takwas ke nan."

Ta shafa ƙahon.

"Nan da mako uku za a rantsar da shi alƙali. Ina so ka fitar mini da alƙalami biyu daga ciki, ɗaya nawa, ɗaya nasa. In ya so ya sa hannu da shi a ranar. Amma Malam, ka taɓa aiki da ƙaho? In ba ka taɓa ba, don Allah ka gaya mini. Ba ni da wani."

Gwani bai taɓa ba. Ko sau ɗaya. Amma sai ya ji bakinsa ya riga shi.

"Haba Sista. Hannun nan ya sassaƙa itacen da ke karya zarto. Ƙaho kuma mene ne? Ai goma ma sai in fitar miki."

Ta yi ajiyar zuciya, ta yi godiya, ta tafi.

Washegari da hantsi ya sa zarto. Abu na farko da ya fara ba shi mamaki, ashe ƙahon rami ne a ciki, kamar kofi. Ya yanka gaba, rami. Ya ƙara gaba, rami. Sai can kusa da tsini ya tarar da inda yake a cike, wurin kuwa bai wuce tsawon tafin hannu ba. Da ƙyar ya fitar da guntu biyu, kowanne tsawon yatsa. Goman da ya cika baki a kai ta koma biyu cif, babu na gwaji.

Ya ce a ransa, to ai biyun ake nema.

Ya ɗaure guntun farko, ya kunna injin huda. Bakin ƙarfen na shiga, sai ƙauri ya turnuƙe shagon. Irin ƙaurin nan dai na Baba, wanda ya rubuta takarda a kansa. Gwani ya waiga ƙofa. In maƙwabtansa, mai walda ko tela, suka ji wannan daga shagonsa, ina zai sa fuskarsa? Ya yi wuf ya janyo ƙofa ya rufe, ya ƙara wa injin gudu, ya danna da ƙarfi don ya gama kafin warin ya fita layi.

Sai ya ji ƙas!

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya busasshen tsinke. Ya kashe injin. Guntun ya tsage daga sama har ƙasa, ya buɗe baki biyu, cikin ya ƙone ya yi ruwan toka. Ya taɓa, ya janye yatsa don zafi.

Ya haɗa ɓarin biyu ya matse, ya saki, suka sake rabuwa. Ya daɗe a tsaye yana kallon guntu ɗayan da ya rage, hannunsa ya ƙi zuwa wajen.

Ranar da wuri ya koma gida. Matarsa malamar makaranta ce, ya same ta a tsakar gida tana duba littattafan ɗalibai. Tana ɗaga kai ta yamutsa hanci.

"Baban yara, kai ma ka shiga babbakar ne?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin kujera ya kwashe komai ya gaya mata. Sannan ya ciro waya ya nuna mata.

"Amma na samo mafita. Kin gani? Ana sayar da guntayen ƙahon ɓauna, an riga an gyara su. Kwana huɗu ya iso. Baƙi dai baƙi ne. Wa zai bambance?"

Ta ajiye jan bironta.

"Ita ba za ta bambance ba."

"To kin gani."

"Ƙaninta ma ba zai bambance ba. Zai riƙe shi ranar rantsuwa yana tuna hular ubansa, alhali ƙahon wata dabba ce da ba su taɓa gani ba. Alƙali guda, hannunsa na farko da alƙalamin ƙarya. Kai kuma ka sani. Ni ma yanzu ka sa na sani."

"To ya kike so in yi? In ce mata na ɓata?"

"Ba ga Baba nan bango ɗaya da kai ba? Mutumin da ya tsufa a kan ƙaho?"

Gwani ya zaro ido. "Baba? Bayan takardar da na rubuta?"

"Au, ashe ka san ba ka kyauta ba." Ta ɗauki bironta ta ci gaba da aiki. "Ga abincinka can a rufe."

Bai iya ci ba.

Da safe ya naɗe komai a tawul ɗin Sista. Tsakanin ƙofarsa da ta Baba taku biyar ne, amma sai da ya yi sawu uku yana komawa kamar ya manta wani abu. A na huɗu ya yi sallama.

Baba na zaune yana fitar da haƙoran mataji da ƙaramin zarto. Bai ɗago ba ya amsa.

"Shigo, ɗana. Jiya na jiyo ƙauri ta bango, na ce madalla, maƙwabcina ya shigo sana'a. Sai dai da na ƙara shaƙa na ce a'a, wannan ƙahon an matsa masa. Ya fashe ko?"

Gwani ya durƙusa, abin da bai taɓa yi a shagon nan ba. "Ya fashe, Baba."

Dattijon ya goge hannu, ya warware tawul ɗin. Ya ɗauki guntun da ya tsage ya juya shi a haske, ya ɗauki ragowar ƙahon mai rami ya ƙwanƙwasa da farce yana saurare.

"Ƙaho mai kyau. Tsoho ne, ya bushe sarai. Ka ga, kai itace ka ɗauke shi. Shi kuwa ɗan'uwan farcenka ne da gashin kanka. In ya ji zafi farat ɗaya sai ya buɗe. Na wane ne?"

Gwani ya ba shi labarin Sista da ƙaninta.

"Mai shi ta san abin da ya faru?"

"Tukuna. Na ce ko in mun gyara..."

Baba ya mayar da tawul ɗin ya rufe. "Ba na taɓa kayan marayu a bayan idonsu. Kira ta. In ta yarda, sai mu ga abin da Allah zai yi."

Gwani ya ce bai taɓa ɗaukar abu mai nauyin wayar nan ba a ranar. Ya gaya wa Sista komai, ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ina zuwa in na tashi aiki."

Da yamma ta iso. Ta ɗauki ɓarin biyu a tafin hannunta, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Na tambaye ka. Da bakina na tambaye ka, na ce in ba ka taɓa ba ka gaya mini."

"Kin tambaya, Sista. Ƙarya na yi miki. Ban taɓa ba. Girman kai ne ya hana ni faɗa."

Ta fara naɗe kayanta. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"'Yata, zauna minti biyu, in kin ji ba ki gamsu ba ki tafi da abinki."

Ya miƙa mata wani mataji mai faɗi. "Wannan da a lanƙwashe yake kamar naki. Mu masu mataji ba tsinin muke so ba, bangon ramin nan muke amfani da shi. A tausasa shi, a miƙar, a danne ya zama falle. In aka jera falle huɗu ko biyar aka liƙe, za a sami dunƙulen da ya isa alƙalami. Ba zai yi kama da ɗayan ba, zai fito da layi-layi. Amma kowane ɓangarensa daga ƙahon mahaifinki ne."

"Zai yiwu, Baba?"

"Ban yi miki alkawari ba. Ban taɓa yin alƙalami ba, shi kuma bai taɓa yin ƙaho ba. Abin da na sani shi ne ba za mu yi gaggawa ba."

Ta dube shi, ta dubi Gwani da ke tsaye kai a ƙasa.

"Na bari. Amma a hannun Baba na bari, ba a hannunka ba."

Maganar ta soke shi, sai dai bai ga ta inda zai musa ba. Ya ce, "Haka ya dace."

Daga ranar Gwani ya koma ɗalibi. Baba ya tsaga bangon ƙahon, ya jiƙa a ruwan zafi, ya riƙa gasa shi nesa da wuta yana juyawa, har ya yi laushi kamar fata. Suka sa shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe suka ɗaure tam.

"Sai yaushe za mu kwance?"

"Kwana uku."

"Baba, saura kwana goma sha tara fa."

"In ka kwance gobe, zai tuna yadda yake da, ya koma. Sai ka zaɓa."

Ranar huda guntun da ya rage, Gwani ya ji kamar a ce wani ya yi. Baba ya sa shi ya rage gudun injin har ƙasa, ya fara da bakin huda mafi siranta. A shiga kaɗan, a fito, a share garin, a jira. Bayan kowace shiga Baba kan kai guntun kusa da kumatunsa.

"Da ɗumi. Je ka sha ruwa ka dawo."

Ramin da Gwani ya saba yi kafin a ƙirga ashirin, sai da ya cinye musu safiya guda. Lokacin da bakin ƙarfen ya leƙo ta ɗaya gefen, ƙahon kuma lafiya ƙalau, Gwani ya kashe injin. Ya ce alhamdu lillahi ya fi sau biyar. Nan take ya miƙa hannu zai ɗauko bututu da gam.

Baba ya buge masa hannu. "Ina za ka?"

"In liƙa."

"Ajiye shi mako guda. Yanzu da ka buɗe masa ciki zai ɗan tsuke. In ka cusa masa ƙarfe yau, shi ya tsuke, ƙarfe ya ƙi, a aljihun alƙali zai fashe. Bari ya gama motsinsa, sannan mu ɗan ƙara wa ramin faɗi."

A cikin makon jiran ne mai shagunan ya zo, da takardar ƙara a hannu. Ya bi ƙauri da hanci, sai ƙaurin ya kai shi shagon Gwani. Ya same shi da ƙyalle a hanci yana goge fallen ƙaho, Baba na zaune a kan kujerar baƙi yana ba da umarni.

Mutumin ya dubi takardar, ya dubi Gwani. "Ba kai ne ka rubuta wannan ba?"

Gwani ya cire ƙyallen daga hancinsa. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ina roƙo a janye. Ban yi adalci ba. In warin ne, ni zan sa fanka mai zuƙo hayaƙi a shagon Baba, in ja bututu ya fita ta rufi."

Mai shagunan ya girgiza kai, ya ninke takardar ya miƙa masa, ya tafi yana cewa mutane sai Allah.

Gwani ya juyo, ya kasa haɗa ido da dattijon. "Baba, akwai abin da ban gaya maka ba..."

"Takardar? Ai ranar da ka zagaya da ita mai walda ya zo ya gaya mini. Ya ce shi bai karanta ba ya sa hannu, alƙalamin ne ya burge shi."

"Ka sani, kuma ka taimake ni?"

"To in bar ƙahon bayin Allah ya lalace don ina fushi da kai? Ba ka ga gefen can bai kwanta ba? Goge."

Kwana biyar suka rage lokacin da aka zo fere alƙaluman a inji. Nan Baba ya ja kujerarsa baya.

"Wannan kuma fagenka ne. Hannuna rawa yake, injin nan naka kuwa ban san kansa ba. Abu ɗaya zan ce: wasa ƙarfenka ya yi kaifin aska, kuma kada ka yanka, shafa za ka riƙa yi."

Gwani ya wasa ƙarfen har sau biyu. Ya kunna injin. Ƙahon ya fara zubar da siraran zare baƙaƙe masu naɗewa, suna sauka a kan hannunsa. A nan hannun nasa ya tuna abin da ya iya. Kafaɗarsa ta saki, numfashinsa ya daidaita. Ya gama na farko, ya ɗora mai falle-falle.

Ya kusa kai shi siffa sai ya hango wani farin layi ya bayyana a jikinsa, siriri, daga tsakiya zuwa baki.

Ya kashe injin. "Baba. Ya tsage."

Dattijon ya taso a hankali, ya gyara tabarau. Ya bi layin da farce. Ya tsoma yatsa a kofin ruwa ya shafa, ya kai wajen taga.

"Farcena bai maƙale ba, ruwa bai shiga ba. Wannan ba tsaga ba ce, ɗana. Jijiyar ƙahon ce, da ita aka halicce shi. Jira ka ga yadda za ta yi in an goge."

Gwani ya dafa injin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ke zuwa da ƙwalla.

Suka goge da sanfefa a jiƙe, daga mai kaushi zuwa mai laushi, don kada zafi ya taru. Na farko ya fito baƙi ƙirin yana ɗaukar ido, kana ganin fuskarka a jiki. Na biyu kuwa ya fito da layuka, baƙi da ruwan zuma, farar jijiyar nan ta ratsa su. Gwani ya yi shekaru yana wannan sana'a, bai taɓa fitar da abu mai kyan wannan ba, kuma ya san ba shi kaɗai ya fitar ba.

Ranar karɓa, saura kwana biyu rantsuwa, ya kasa zama. Ya share shago sau uku. Duk bayan ɗan lokaci sai ya buɗe akwatin ya duba ko wani abu ya faru.

Da la'asar Sista ta shigo. Ba ita kaɗai ba. A bayanta akwai wani dogon mutum mai kama da ita sak, har yadda suke ɗaure gira.

"Ƙanina ne," in ji ta. "Ranar da ka gaya mini ka fasa ƙahon, baƙin ciki ya sa na tura masa saƙo na ce ga abin da na jawo mana. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira. Ya yi ta faɗa, na yi ta kuka, daga nan kuma muka koma hirar mahaifinmu har cajin wayata ya ƙare."

Mutumin ya ce, "Ni ban zo don in yafe ba tukuna. Na zo in gani."

Gwani ya buɗe akwatin, ya ja da baya.

Ƙanin ya ɗauki baƙin, ya juya shi, ya ajiye. Ya ɗauki mai layukan, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kai shi hanci.

"Yaya," ya ce, muryarsa ta sauya. "Shaƙi nan. Falon Babanmu."

Ta karɓa ta shaƙa, sai hawaye. Ya dafa kafaɗarta, shi ma yana ta ƙifta ido yana kallon rufi.

Da suka natsu sai sabuwar rigima ta tashi.

"Kai za ka ɗauki mai layin, kai ne mai rantsuwa."

"A'a, ke ce babba, kuma ke kika yi tunanin."

"Ka ga, kada ka fara mini taurin kan nan naka."

"Ni ne mai taurin kai? Wa ya ɗauke ƙaho ya gudu da shi a tawul?"

Baba da ke bakin ƙofa ya ce, "To ku dai ku yi a hankali, babu na uku."

Kowa ya fashe da dariya. Daga ƙarshe ƙanin ya ɗauki baƙin, ya ce shi ya fi dacewa da rigar kotu. Ya nemi takarda, ya sa hannu a gwaji, alƙalamin ya bi takardar sumul. Ya miƙa wa Gwani hannu.

"Ka ɓata, ka faɗa da bakinka. A wajen aikina ba kullum nake samun haka ba. Na yafe."

Sista ta ce, "Ni ma na yafe. Hannunka na da kyau, Malam. Bakinka ne ke buƙatar gyara."

"Ana kan gyara shi, Sista," in ji Gwani. "Ga malamina nan."

Ta je ta durƙusa ta yi wa Baba godiya, suka fita suna ci gaba da musun wanda zai tuƙa mota.

Motarsu na barin layin, Gwani ya koma cikin shago. Ya zame ya zauna daɓas a kan garin katako, ya jingina da ƙafar tebur, ya rufe ido. Iska mai sanyi ta shigo ta ƙofa. Rabonsa da ya ji jikinsa sakayau haka har ya manta.

Baba ya leƙo kansa. "Lafiya, ɗana?"

"Lafiya lau, Baba." Ya buɗe ido, ya dafa ciki, mamaki ya kama shi. "Baba, yunwa nake ji. Wallahi yunwa nake ji kamar in ci teburin nan."

"To tashi ka rufe shago. Kira mai ɗakinka ka ce ta ƙara hannu a tukunya, da baƙo za ka zo."

Darasi: Cewa "ban iya ba" ba ta rage wa gwani komai, amma cewa "na iya" a kan abin da ba ka sani ba tana iya lalata amanar da ba ta da madadi. In ka yi kuskure, faɗi gaskiya tun da sauran gyara, kuma kada ka raina maƙwabcin da sana'arsa ba ta burge ka, domin wataƙila ilimin da zai fitar da kai kunya yana bayan bangonka. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga wani mai sana'a da ka sani, ka kuma gaya mana a ƙasa: wane ne ya taɓa rufa maka asiri alhali ba ka kyauta masa ba?